Filin Gwaggo: Ina Zan Kai Yaran Nan?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: yara sun gaji da gida, gida ma ya gaji da su. Na zaɓi huɗu. Wadda ta aiko da tambaya kan yaye ta ƙara haƙuri, tata tana nan tafe a fitowa ta gaba.

Tambaya: Gwaggo, sannu da ƙoƙari. 'Ya'yana uku, babbar shekararta biyar, mai bi mata uku, sai na goye. Duk ranar da babu makaranta rigima ce kan wayata daga safe har dare. In na hana, kuka. In na ba su, sai raina ya ƙi kwanciya. Wuraren wasan yara sun yi mana nisa, kuma ba kullum ake da halin zuwa ba. Ina zan riƙa kai su? *Uwar uku*

Amsa: 'Yata, bari in fara da wayar, don na ga ita ta tsaya miki a rai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ta ce jariri da ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada kallon ya wuce awa ɗaya a yini. Wannan kowa ya ji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗaya ɓangaren: yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu yana bukatar motsa jiki na minti 180 a yini, a rarrabe cikin wunin. Awa uku ke nan fa! Yaron da bai samu inda zai sauke wannan ƙarfin ba, a kan kujerunki zai sauke shi, ko a kan ƙaninsa.

To ina za ki kai su? Shekara ashirin da biyu na yi ina koyar da 'yan nazire, kuma fitar da yarana suka fi daɗewa suna zancenta ba ta kai taku ɗari uku daga ƙofar aji ba. Muna zagayawa ne muka tarar da ma'aikata suna haƙa rami za su binne bututun ruwa. Yara goma sha tara suka yi cirko-cirko, har wanda ba ya iya zama minti biyu a aji. Wata yarinya ce ta fara lura cewa ƙasar sama baƙa ce, ta ƙasa kuma ja. Mako guda ba mu da zance sai rami. Suka zana rami, suka haƙa rami a yashi, ɗaya ma ya gaya wa mahaifinsa in ya girma mai haƙa rami zai zama. Uban bai ji daɗina ba.

Tun daga ranar nake neman inda manya ke aiki da hannu. Kafinta, tela, mai gyaran keke, mai facin taya, masu gini in kin tsaya can nesa da su, masu renon dashen itatuwa da furanni. Ki je ke kaɗai tukuna ki nemi izini, ki tambayi lokacin da aiki ya yi sauƙi. Da wuya mai sana'a ya ƙi, yawancinsu har daɗi suke ji a ce yaro yana mamakin aikin da manya ke wucewa ko kallo ba sa yi. Ki roƙi kafintan guntayen katako marasa ƙusa, telan kuma ƙyallaye, kin ga kun dawo da kayan wasan mako guda. In akwai tashar jirgin ƙasa kusa da ku, ko ofishin 'yan kwana-kwana, ko laburare mai sashen yara, su ma ki sa su a layi.

Amma kada ki fita da su hannu sake. Yaro in ba ki ba shi aiki ba, zai nemo wa kansa wanda ba ki so. Kowa ki rataya masa 'yar jaka, ki ce yau ganye iri biyar muke nema, gobe duwatsu masu santsi, jibi duk abin da yake rawaya. In kun ci karo da layin tururuwa, ku tsuguna. Ki goga yatsa a kan hanyarsu inda babu ko ɗaya, sai ku ga na baya sun iso wurin sun rikice suna dawurwuri, domin ƙanshin da 'yan'uwansu suka bari suke bi, ke kuma kin share shi. Babbar ta isa ta ƙirga ƙafafu: tururuwa shida, gizo-gizo takwas. Ki bari ita ta gano, kada ki riga ta faɗa.

Akwai wani da nake so ƙwarai, alli kawai yake ci. Da safe yaro ya tsaya a fili ki zana inuwarsa, ki kuma zana inda ƙafafunsa suke. Da rana tsaka ya koma kan sawunsa, sai ya ga inuwar ta tsuke ta dawo gindinsa. Da yamma ta miƙe ta koma ɗaya gefen. Ɗan shekara ukun zai ɗauka inuwar ce ke masa wasa, 'yar biyar ɗin kuwa za ta ɗaga kai ta nemi inda rana take.

Kuma kada ki ji kunyar maimaita wuri ɗaya. Mu manya ne muke ƙosawa. Ku zaɓi bishiya guda ku riƙa kai mata ziyara duk mako: yau ta yi fure, wani makon ya zube, wani makon tsuntsu ya yi sheƙa.

Tambaya: Gwaggo, na ɗebi iyalina na kai su gidan zoo, tun ƙarfe goma har la'asar. Na ɗauka za su yi murna. Ƙaramin, mai shekara uku, ko kallon zaki bai yi ba, a ƙarshe ma kuka ya ɓarke da shi har muka iso gida, uwarsu kuma ta ce ba ta ƙara bina. Me na yi ba daidai ba? *Wani uba*

Amsa: Ɗana, ka yi abin da ni ma na yi, ni da nake taƙama da sanin yara. Jikana yana da shekara uku na kai shi irin wannan wuri. Muna gaban kejin zaki ya tsuguna yana kallon tururuwa suna jan matacciyar fara. Na ce tashi ka ga zaki, ya ƙi. Na ɗaga shi sama da ƙarfi, ya duba, zakin yana kwance ya juya mana baya kamar tsohon buhu. Yaron ya fashe da kuka yana miƙa hannu ƙasa wajen fararsa. Har yau in na tuna sai in ji kunya, domin shi ya fi ni gaskiya: abin da ke motsi yake kallo. Zaki yana iya kwashe kusan awa ashirin a yini yana hutawa, ka ga ba laifin yaron ba ne.

Kuskuren farko tsawon lokacin. Ɗan shekara uku awa ɗaya da rabi ta ishe shi, in ta yi yawa biyu. Ku je da safe, ya yi barcinsa ya ƙoshi, lokacin dabbobin ma ba su nemi inuwa sun kwanta ba. Ku zaɓi dabbobi uku ko huɗu tun daga gida, ka nuna masa hotunansu, in kun gan su kun gama. Birai da tsuntsaye da kifaye sun fi riƙe ƙaramin yaro, saboda ba sa zama wuri ɗaya. Na san abin da ke ranka: an sha hanya an zo, ai sai a ga komai. Wannan lissafin babba ne. Ku fita tun yana cewa a ƙara, kada ku jira sai ya fara murza ido.

Wani abu kuma, ka taɓa durƙusawa daidai tsayinsa ka duba? Sau da yawa abin da ke gaban idonsa katanga ce, ko ƙarfen shinge, ko ƙafafun mutane. Kai kana ganin raƙumin dawa, shi yana ganin wandon wani.

Tunda wurin taro ne, ga abin da nake yi. A bakin ƙofa nakan ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa a ranar, in sa masa takarda mai lambar wayata a aljihu. Nakan kuma koya musu cewa wanda ya duba bai gan ni ba ya tsaya cak inda yake ya kira sunana da ƙarfi, kada ya tafi nemana. In da mota kuka je, kada a bar yaro a cikinta a rufe ko da na minti biyar ne, ko da barci yake yi. Uwarsu kuma ka ba ta haƙuri, ina kyautata zaton ita ta yi ta ɗaukar mai kukan.

Tambaya: Gwaggo, ɗaki biyu muke haya a bene, babu tsakar gida. Ina son 'yan biyuna masu shekara huɗu su riƙa yin abu da hannunsu, amma gaskiya ba na son ɓarna da ƙazanta. *Uwar 'yan biyu*

Amsa: 'Yata, ɓarna kam sai an yi, sai dai a yi mata iyaka. Ki shimfiɗa tsohuwar leda mai faɗi ko tsohon zanen gado, ki ce aiki a kan wannan ake yi, in an gama kuma masu aikin ne masu gyara. Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907, ta lura yara sun fi nacewa kan aikin gaske: zuba ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan, ɓalla maɓalli, shara, goge tebur. Sai ta sa aka yi musu kujeru da kayan aiki daidai jikinsu. Ki samo musu ƙaramar tsintsiya da soso. Gogewar ma wasa ce a wurinsu, in dai ba da tsawa aka sa su ba.

Fara da ƙwayar wake. Ki jiƙa auduga ki cusa a kwalba mai haske, ki saƙala ƙwaya uku tsakanin audugar da jikin kwalbar yadda za a riƙa ganinsu. Auduga ta kasance da danshi kawai, in ruwa ya kwanta ƙwayar ruɓewa za ta yi, don tana bukatar iska. Cikin 'yan kwanaki saiwa za ta fara fitowa, ita ke riga ganye. Da ta yi tsawon gaɓar yatsa, ku kwantar da kwalbar a gefenta. Bayan kwana ɗaya ko biyu za ku ga bakin saiwar ya lanƙwasa ya sake nufar ƙasa. Tunda su biyu ne, kwalba biyu: ɗaya a taga, ɗaya a cikin kabad mai duhu. Ta duhun za ta yi tsawo, fara fat, ba ƙwari. Ki tambaye su me ya same ta, ki saurari amsar ko da shirme ce.

Sai ruwa a roba mai faɗi. Su tattaro murfin kwalba, cokali, guntun katako, dutse, kowanne su faɗi ko zai nutse kafin a jefa. Daga nan ki ba su yumɓu ko lakar wasa. In an dunƙule ta nutse, in an buɗe ta kamar kwale-kwale ta yi iyo, alhali nauyinta bai canja ba.

Ga wani da ke kanki zai ba dariya. Ki cika kofi biyu iri ɗaya da ruwa, su yarda daidai suke. A gabansu ki juye ɗaya a cikin dogon kofi siriri, ki ce wanne ya fi yawa. Za su rantse miki na dogon ne. Masanin nan ɗan Suwizalan, Jean Piaget, shi ya shahara da wannan gwajin, kuma yawancin yara sai wajen shekara bakwai suke gane ruwan bai ƙaru ba. Kada ki yi musu gardama. Ki sake gwadawa baɗi.

Roƙona ɗaya: in sun zana mutum da hannu a kunne, ki bar shi haka. Na sha ganin uwa ta karɓe fensir tana cewa kawo in gyara maka, daga nan yaron ya daina zane sai dai ya ce a zana masa.

Tambaya: Gwaggo, manyan suna wasa da tsakuwa da maɓallai, ga ƙaninsu mai rarrafe. Yaya zan yi? *Wata kaka*

Amsa: 'Yar'uwa, ki ɗauki kwalin nan na tsakiyar takardar bayan gida. Duk abin da ya shige ta cikinsa bai dace da ɗan ƙasa da shekara uku ba, domin zai iya shaƙe shi. Irin wannan wasa manyan su yi shi a kan tebur, ko lokacin da ƙaramin ke barci, a ƙirga kayan kafin a fara, a ƙirga bayan an gama. Balan-balan da ta fashe a tsince guntayenta nan take. Ruwan wasa a zubar da an tashi, saboda mai rarrafe yana iya kifawa cikin bokiti ya kasa ɗagowa ko da ruwan kaɗan ne.

Abu biyu sun fi ba ni tsoro. Ƙananan maganaɗisu, in yaro ya haɗiye biyu, sukan manne da juna ta jikin hanji su huda shi. Sai batirin nan mai faɗi kamar maɓalli da ke cikin agogo da rimot da kayan wasa masu kiɗa: in ya maƙale a maƙoshi yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu. Ko zargi kika yi ya haɗiye ɗayansu, kada ki sa shi amai, kada ki tsaya jiran alama, ku tafi asibiti a lokacin, ki riƙo abin da batirin ya fito daga ciki ki nuna wa likita.