Likita, an ce ciwon daji ba ya son allura

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yayata mai shekara 41 ta samu ƙullutu a mama. A asibiti an ce sai an ɗebo 'yar tsoka da allura, idan daji ne a gwada HER2. Gwaggonmu ta hana, wai daji ba ya son ƙarfe. Ga shi kaf danginmu ba wanda ya taɓa yin cutar. Hankalinmu a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Dajin da ake gada kashi 5 zuwa 10 ne cikin ɗari. Sauran a cikin tsokar ɓarnar ke taruwa, shekara da shekaru. Wani lokaci rubutun DNA, wato rubutun halitta da ke cikin ƙwayoyin jiki, lafiya ƙalau yake, amma sinadarin metil ya manne a bakin ƙwayar gado mai tsaro irin BRCA1, ya kulle ta. Wani lokaci ginin kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, ne ke rikicewa: HER2, wata ƙwayar gado da ke kan kuromosom na 17, maimakon kwafi biyu sai ta hayayyafa, ta yi ta ingiza ƙwayoyin tsokar su ƙaru ba tsayawa. Haka abin yake a kashi 15 zuwa 20 na dajin mama. Hoto ba ya nuna wannan, sai tsoka.

Maganar ƙarfen nan kuwa ta kashe mata ba adadi. Za a zauna wata takwas ana shafe-shafe, mai magani na karɓar kuɗi yana cewa kada allura ta kusance ta. Sai mama ya fashe yana wari, cutar ta kai huhu da ƙashi, sannan a kwaso ta zuwa asibiti. Idan ta rasu sai a ce wuƙa ce. Watanni takwas ɗin fa? Allurar ɗibar tsoka ba ta watsa daji a jiki, kuma mai maganin nan bai san ko ma dajin ne ba. Ku lallashi Gwaggo, ku je da ita ta ji da kunnenta.

Ku tabbata tsokar ta shiga ruwan fomalin, wanda ake adana tsoka a ciki, cikin awa ɗaya, ta zauna awa 6 zuwa 72, in ba haka ba sakamako na iya yin ƙarya. Idan gwajin HER2 ya nuna 3+, wato ta yi yawa, akwai maganin trastuzumab duk mako uku har shekara, tare da duba zuciya. Idan 2+ ne, wato babu tabbas, a ƙara gwajin FISH mai ƙirga kwafin HER2 kafin ku sayi maganin.