Hukuncin zubar da ciki saboda cutar Zika

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Muna zaune a Pune ta ƙasar Indiya mijina yana karatu, ina da ciki wata biyar da 'yan kwanaki. Tun cikin yana ƙarami na yi zazzaɓi da ƙuraje idona ya yi ja, aka gwada aka ce Zika ce. Yanzu an yi sikanin an ce kan yaron bai kai girman da ya kamata ba, wata likita ta ce in muna so ana iya cirewa. Mijina ya rasa abin cewa ni kuma ko barci bana iya yi. Ya halatta a cire?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar uwa Allah Ya yaye miki, wallahi tambayar nan ta taɓa min zuciya. Amsa a taƙaice ita ce a'a, cikin da ya kai wata biyar bai halatta a cire shi ba saboda nakasar jariri komai tsananinta.

Dalili shi ne hadisin Ibn Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ana tara halittar mutum a cikin mahaifiyarsa kwana 40 yana ɗigon ruwa, sannan gudan jini kamar haka, sannan tsoka kamar haka, sai a aiko mala'ika ya busa masa rai. Kwana 120 kenan. Daga nan ya zama mutum, in ya faɗo ana sa masa suna a binne shi, kuma malamai ba su yi saɓani ba a kan haramcin taɓa shi, sai dai in rayuwar uwar ce take cikin haɗari tabbatacce, ke kuma ba ki ce haka ba. Ki lura da lissafi, su likitoci suna ƙirga mako ne daga ranar farko ta jinin al'adarki na ƙarshe, shari'a kuma daga shigar ciki, tsakaninsu kusan mako biyu, toh kwana 120 yana faɗowa wajen mako na 19 a katin awonki, kinga ke kin riga kin wuce.

Kafin kwana 120 ɗin ne ake da magana. Mu Malikawa mun fi kowa tsanantawa, mashahurin zance a mazhaba shi ne ba a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko kafin kwana 40 ne. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, a zamanta na Makka a 1990 ta yi sauƙi, ta ce in kwamitin amintattun likitoci ƙwararru ya tabbatar nakasar mai tsanani ce ba ta da magani, kuma iyaye suka nema, ana iya cirewa kafin kwana 120. Amma ita Zika matsalarta kenan, ƙanƙancewar kan galibi ba ta fitowa a sikanin sai ciki ya yi nisa, lokacin ƙofar ta rufe, kafin nan kuma zato ne kawai, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 5 zuwa 15 cikin 100 ne na jariran matan da suka kamu suna da ciki suke samun matsala. Ni dai ban ga yadda za a kashe abu a kan zato irin wannan ba.

Ba zan ɓoye miki ba, in abin ya tabbata akwai wahala. A 2015 da cutar ta ɓarke a arewa maso gabashin Brazil, wajen Recife, an haifi yara da yawa da ƙaramin kai, wasu da farfaɗiya, wasu haɗiya na ba su wuya, wasu ido ko kunne, har a Fabrairun 2016 aka ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya a duniya. Amma ba duka suke ɗaya ba, akwai mai sauƙi akwai mai tsanani, kuma awo ɗaya baya yanke hukunci, ki nemi a maimaita wajen ƙwararre a riƙa bibiya har haihuwa, a shirya likitan yara da masu gashin ƙashi tun da wuri.

Abin da na fi jin tsoro ma shi ne ranar da za ki dawo gida da yaron a goye, wata gwaggo ta ɗaga zani ta leƙa kansa ta ce ai wannan ɗan ruwa ne, ko a ce wani laifi kika yi. Wannan zance haramun ne, kuma kai maigida kai ne za ka tsaya ka tare mata shi. Sauro ne ya cije ta, wani baƙi mai ɗigon fari a ƙafa mai cizo da rana, shi ne dai mai kawo shawara da dengi, yana ƙyanƙyasa a ɗan ruwan da ya kwanta cikin tsohuwar taya ko gwangwani ko bokitin da aka bari a buɗe. Babu zunubin kowa a ciki, yaron kuma yana da gadonsa da ragon sunansa da ciyarwarsa kamar kowane ɗa.

Game da gaba, ya halatta ku jinkirta wani cikin da yardar ku biyu, Jabir ya ce sun kasance suna azalu, wato zubar da maniyyi a waje, Alƙur'ani yana sauka. Cutar tana bi ta saduwa kuma tana daɗewa a maniyyi, shi ya sa ake ba namiji shawarar jiran wata 3 mace wata 2 bayan barin wurin da take, mai ciki kuma a yi amfani da kwaroron roba har ta haihu, wannan babu laifi. Har yanzu babu rigakafi, sai gidan sauro ko da barcin rana ne, da man shafawa da doguwar riga da zubar da ruwan da ya kwanta.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya ba ki ikon riƙe abin da Ya ba ki. Wallahu a'alam.