Yadda ake gane ƙarfen galbanaiz na gaskiya don aikin waje

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da aka yi mini ƙyauren gida da ƙafar tankin ruwa a Zariya, kuma mai shagon da na sayi hinji da sakata da notuna a wurinsa ya tabbatar mini cewa galbanaiz ne, ba sa tsatsa. Yanzu notunan tankin duk sun yi ja, hinjin ƙyauren kuma yana zubar da jan ruwa a jikin katanga. Ina so in sake su, amma ina tsoron a maimaita mini. Yaya zan gane mai kyau, kuma a ina ake samunsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mai yiwuwa ne mai shagon bai yi maka ƙarya da gangan ba, domin a kasuwanninmu kaya iri biyu ne, masu bambanci ƙwarai, ake kira da suna ɗaya. Dukansu baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da zinki, wato tutiya, amma hanyar lulluɓin ta bambanta, kuma ita ce take yanke yawan shekarun da ƙarfen zai yi a waje.

Hanya ta farko ita ce ta tsomawa. Ana wanke ƙarfen da sinadari har ya fita tas, sannan a tsoma shi cikin narkakken zinki mai zafin da ya kai digiri 450, ta yadda zinkin zai haɗu da jikin ƙarfen ya zama ɓangarensa, ba wani abu da aka shafa a kai ba. Hanya ce tsohuwa, wadda wani Bafaranshe mai suna Stanislas Sorel ya yi wa rajista tun a shekarun 1830. Hanya ta biyu ita ce ta lantarki, inda ake sa ƙarfen cikin ruwan sinadari a saki wuta, zinkin ya hau kansa siriri. Ana auna kaurin da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Na lantarki galibi yana tsakanin maikiron 5 zuwa 12, alhali ƙa'idar ingancin kaya ta duniya mai lamba ISO 1461 ta ɗora wa na tsomawa aƙalla maikiron 55 a kan ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 zuwa 3, da 70 a kan mai milimita 3 zuwa 6, da 85 a kan wanda ya fi haka kauri.

Abin da ya sa kauri ya zama komai shi ne cewa zinki ba ya hana lalacewa, karɓarta yake yi a madadin ƙarfen. Iska da danshi suna cin zinkin sannu a hankali, kuma muddin yana nan, ko da an karce wuri kaɗan, shi ne zai ci gaba da cinyewa ya bar ƙarfen lafiya. Ranar da ya ƙare kuwa, tsatsa ta samu shiga. A yanayi matsakaici, bisa ƙa'idar ISO 9223, zinki yana raguwa da maikiron 0.7 zuwa 2.1 a shekara, a wuraren da ke da gishirin teku ko hayaƙin masana'antu kuwa yakan kai 4 har zuwa 8. Idan ka yi lissafi za ka ga cewa maikiron 55 zai wuce shekara 25 a yanayi matsakaici ko da an ɗauki mafi munin adadi, amma maikiron 5 yana iya ƙarewa kafin a cika shekara uku. Zariya ba ta da gishirin Legas ko Fatakwal, kuma dogon rani yana taimakon ƙarfe sosai, sai dai ƙarƙashin tankin ruwa wata duniya ce daban. Wurin da ruwa ke ɗiga safe da yamma ba ya sanin rani, shi ya sa notunan tankinka suka riga sauran kayan lalacewa.

A gaban shago, abu na farko da nake roƙonka shi ne kada ƙyalli ya ja ka. Wanda yake walƙiya kamar madubi, sumul, ko mai launin ruwan ɗorawa da ɗan shuɗi da kore kamar bakan gizo, na lantarki ne, kuma aikinsa cikin ɗaki ne. Na tsomawa ba shi da kyan gani. Launinsa toka-toka ne, idan ka shafa shi da yatsa za ka ji kaushi, a gefensa ko a bakin ramin da ake sa noti za ka ga ɗan tudu inda zinkin ya ɗiga ya daskare, zaren bol ɗin kuma yakan cika ya yi dagwalgwal maimakon ya fito da kaifi. Na sha ganin mai saye ya ture irin wannan gefe yana cewa tsoho ne, ya ɗauki mai ƙyalli, kuma abin yana ba ni takaici, domin da hannunsa ya mayar da kayan shekara talatin ya ɗauki na damina uku.

Akwai kuma na uku, wanda shi ne ha'inci tsantsa, wato baƙin ƙarfe da aka fesa wa fenti mai launin azurfa. Ka nemi izinin mai shago ka karci bayan hinjin da bakin wuƙa. Fenti zai ɓare ya taru a bakin wuƙar, na lantarki zai nuna ƙarfen da ke ƙasa da karta kaɗan, na tsomawa kuwa sai dai ka bar masa layi mai haske, domin ƙasan lulluɓinsa, inda zinki ya gauraya da ƙarfe, ya fi ƙarfen kansa tauri. Idan sayayyar tana da yawa, ka sayi ɗaya daga kowane iri, ka naɗe su daban-daban cikin tsumma da aka jiƙa da ruwan gishiri, ka riƙa sake jiƙawa har mako biyu. Farin gari a jikin ƙarfe alama ce ta zinki yana aikinsa, ja kuwa yana nufin an riga an kai ga ƙarfen.

Idan kayan suna cikin kwali, ka duba ko an rubuta HDG, ko ISO 1461, ko ISO 10684, ko ASTM A153, domin dukansu alamun na tsomawa ne. Lambar 8.8 da ake bugawa a kan bol ƙarfinsa take nunawa, ba ta da alaƙa da tsatsa. Sannan ka sayi bol da notinsa tare, domin notin bol na tsomawa ana buɗa zarensa kaɗan don ya bai wa zinkin wuri, kuma noti na yau da kullum zai cije a rabin hanya ko ya kankare lulluɓin.

Game da wurin saye, masu ƙananan shagunan kayan gini sun fi ajiye na lantarki saboda arha. A manyan kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Dei-Dei a Abuja, ka nufi masu sayar da kayan turakun wutar lantarki, domin bol da noti da washa na wannan aiki na tsomawa ne, an yi su don su shekara a rana da ruwa. Ka sayi sabo kuma ka karɓi rasit, saboda kwancen irin waɗannan kaya yana iya zama na sata. Hinji da sakata na tsomawa sun fi wuyar samu. Idan ba ka same su ba, ka nemi na sitenles, wato ƙarfen da ke jure tsatsa ba tare da lulluɓi ba, mai lamba 304 ko A2, wanda ya ishi yanayin Zariya, shi kuma 316 ko A4 na bakin teku ne. Maganaɗisu yana kama galbanaiz da ƙarfi, amma da kyar yake kama waɗannan nau'o'i biyu, don haka ka tafi da ɗan ƙarami a aljihu.

Saura aikin ɗaurawa, wanda a nan ne kaya masu kyau suke yawan mutuwa. Walda tana ƙone zinki a inda wuta ta taɓa da kewayensa, kuma ina kyautata zaton daga nan jan ruwan hinjinka ya fara. In da hali a ɗaura hinjin da bol maimakon walda. Idan walda ta zama dole, a yi ta a fili, domin farin hayaƙin zinki yana sa mai walda zazzaɓi da ciwon jiki, sannan a goge wurin da burushin waya a shafa fenti mai zinki, wanda za ka gane shi da nauyin gwangwaninsa, kafin a bi da fentin ƙyaure. Haka za a yi wa duk inda aka yanka ko aka huda. Kada a bar galbanaiz ya haɗu da jan ƙarfe a wuri mai danshi, domin jan ƙarfe yana hanzarta cinyewar zinki, haka ma fitsarin dabbobi da kashin kaji da takin zamani. Ƙafar tankin kuma a ɗora ta a kan dandamalin kankare mai ɗan gangare, yadda ruwa ba zai kwanta a gindinta ba.

Kafin ka cire ko noti ɗaya, a sauke ruwan tankin gaba ɗaya, a gyara inda yake yoyo, sannan a riƙa sake notunan ɗaya bayan ɗaya. Idan aka cire tsohon bol aka ga ramin ya faɗaɗa, ko ƙarfen ƙafar yana ɓarewa kamar ɓawon itace idan an buga shi da guduma, to wannan ƙarfen ma a yanke shi a sa sabo, domin tanki mai lita 2,000 nauyin ruwansa kaɗai tan biyu ne, kuma a ƙarƙashinsa yara suke ɗiban ruwa.