Abin da ya sa finafinai marasa murya suke yi wa hukuma ba'a

Ka tambayi dalilin da ya sa finafinan farko marasa murya suke yawan kunyata 'yan sanda da attajirai. Amsar tana ga masu kallo, domin a Amurka, wajen 1905 zuwa 1910, yawancinsu leburori ne da baƙi 'yan ci-rani masu biyan senti 5 kuɗin shiga.

A fim ɗin ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin na 1917, The Immigrant, jirgin ruwa yana isa New York sai jami'ai suka tare talakawan fasinjoji da igiya kamar shanu, kuma da wani jami'i ya juya baya, Chaplin ya shure shi. A ganina, baƙon da ba ya jin Turanci, wanda shi ma ya sha wulaƙanci a tashar jiragen ruwa, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan shurin.