Rage wa na'urar MP3 wuta zai sa batirinta ya daɗe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da 'yar na'urar MP3 da nake sauraron karatu da waƙoƙi da ita a shago, amma yanzu kafin la'asar cajin ya ƙare. An ce ana shiga manhajar cikinta a rage ƙarfin wutar da take ja. Da gaske ne? Mai karatu daga Kurna, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Da gaske ne, malam, sai dai ba kowace na'ura ke yarda ba, kuma ni ba daga nan zan so ka fara ba.

Cin wutar ƙwaƙwalwar na'ura, wato ɗan guntun da ke sarrafa ayyukanta, yana bin ƙarfin wutar da aka ba ta ne idan an ninka shi da kansa. Bolt 1.2 sau 1.2 ya ba da 1.44, bolt 1.1 sau 1.1 kuma 1.21, wato ragi kaɗan ya sauke cin wutar da kusan kashi 16 cikin ɗari. Kamfanoni kan saka ɗan rara don kowace na'urar da suka ƙera ta yi aiki a zafi da sanyi, wannan rarar ce masu gyaran manhaja ke aske wa. Amma ragin ya tsaya ne a kason ƙwaƙwalwa kawai. Hasken sikirin da sashen da ke tura sauti zuwa kunne suna nan suna shan nasu. In kuma aka zarce, na'urar ta riƙa sandarewa ana tsakiyar sura, ko ta daina ganin memori, ko fayiloli su lalace. Na'urori biyu iri ɗaya, ɗaya ta jure, ɗaya ta ƙi.

Idan taka Sansa Clip+ ce, ko Fuze, ko iPod Classic, ka yi sa'a. Akwai Rockbox, manhaja ta kyauta da ake saka wa na'urar a madadin ta kamfani, wadda ta fara fita a 2002 don na'urorin kamfanin Archos. Ita da kanta take sassauta gudun ƙwaƙwalwar idan aiki ya yi sauƙi, ta ɗaga shi sai da buƙata. Wannan ya ishe ka. Taɓa ƙarfin wutar da hannu sai wanda ya iya gyara rubutun manhajar ya sake haɗa ta.

In kuwa irin marasa sunan nan ce da ke cike a kasuwannin waya, don Allah kada ka bari a yi mata filashin da manhajar wata. Gida ɗaya suke da shi, ciki daban, kuma sau da yawa daga nan ba ta sake tashi.

Abin da na fi zargi shi ne batirin. Batirin litiyam yana raguwa bayan caji 'yan ɗaruruwa, zafi kuma ajalinsa ne. Na'urar da ke wuni jone da caja a ƙarƙashin kwanon shago a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ba ta buƙatar wani bayani. Ɗora ta a kan tebur ka danna gefe. In tana rawa ko murfin ya ɗago, batirin ya kumbura, daina cajinta nan take. Mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre zai iya nemo mai bolt 3.7 daidai girmanta ya liƙa da dalma.

Bayan haka ka sa sikirin ya riƙa mutuwa cikin daƙiƙa biyar, ka kashe bulutut in tana da shi. Sai ka cika ta, ka kunna karatu ɗaya yana maimaituwa a ƙara ɗaya, ka rubuta lokacin da ta mutu. Duk abin da ka canza daga baya, da wannan lokacin za ka auna shi.