An mayar da ni aiki Legas, wace unguwa zan zaunar da iyalina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi, ina zaune a Gesse da matata da yara uku, babbarsu tana aji huɗu na firamare. An yi mini canjin wurin aiki zuwa Legas, ofishinmu yana Victoria Island. Ba na son hayaniya, ina neman unguwa mai natsuwa inda yara za su tashi da tarbiyya. Na ga tallan rukunin gidaje a Ajah da Sangotedo a Facebook, an ce kusa da teku ne kuma shiru. Wani abokina ya ce Ikorodu ta fi araha, yayana kuma ya ce in nufi Agege cikin 'yan'uwa kawai. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa canjin ya zama alheri. Unguwanni masu natsuwa suna nan a kewayen Legas, kuma na san iyalai 'yan Arewa da ke zaune a cikinsu lafiya lau. Amma kafin ka kalli hoton kowane gida, ka fara sanin awa nawa za ka riƙa ci a hanya tsakaninsa da ofis, sannan ka san yadda unguwar take idan damina ta kankama. Waɗannan biyun ne mai talla ba ya sakawa a hoto.

Tafkin Legas ya raba garin biyu. Victoria Island da Ikoyi da Lekki har zuwa Ajah suna ɓangaren teku, wanda ake kira tsibiri. Yaba da Surulere da Ikeja da Agege suna ɓangaren tudu, Ikorodu kuma tana can arewacin tafkin. Mai zuwa ofishinku daga tudu dole ya hau gada, yawanci Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 wadda aka buɗe a 1990. Mai zuwa daga Ajah ba ruwansa da ita, amma babban titi guda ya fi dogara da shi, na Lekki zuwa Epe. Nisan Ajah da Victoria Island bai kai na Birnin Kebbi zuwa Jega ba, amma da safiyar Litinin yana iya cin awa biyu. Shi ya sa magidanta da yawa a can suke fita tun kafin kiran assalatu, su yi asuba a hanya ko a ofis, su dawo bayan isha'i yara sun yi barci. Kai da ka saba dawowa gida cin abincin rana, wannan ne zai fi girgiza ka. Unguwa ta yi shiru, amma maigida ya zama baƙon ƙarshen mako, kuma tarbiyyar da kake nema ai da kai za a yi ta.

Titin ma ba kamar da yake ba. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki a Janairun 2023, aka kuma ƙaddamar da matatar man Dangote a Ibeju-Lekki a watan Mayun shekarar, manyan motoci sun ƙaru a kansa, haya kuma ta tashi a duk yankin.

Sai batun ruwa, inda nake son mu daɗe. Ruwan saman da Legas ke samu a shekara ya kai ninki biyu na abin da muke samu a Birnin Kebbi, kuma ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli. Yawancin ƙasar Lekki da Ajah fadama ce da aka cike da yashi aka yi gini a kai, tsayinta daga teku kaɗan ne, ruwa ba ya samun gangaren da zai bi. A Yulin 2017 ruwa ya shiga gidaje a Lekki da Victoria Island har mutane suka fito da kwale-kwale a kan titi, an kuma sake ganin irin haka a Yulin 2024. Ba duk layuka ba ne, akwai masu tudu da lambatu mai kyau. Gane su kuwa sai da ido. In ka je duba gida, kada ka tsaya a falo kana kallon tayil da silin. Ka zagaya bayan gida ka dubi gindin katanga: ruwa yana barin zane inda ya tsaya, fenti ya kumbura ya yi ɓawo, ƙasan ƙyauren ƙarfe ya cinye. Idan ka ga an yi wa gidan sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ka tambayi dalili. Ka dubi ƙofar maƙwabta, in an gina 'yar katangar bulo ɗaya ko biyu a bakin kowace ƙofa, to an sha wuya a layin. Mai gadi da mai shagon kan kwana, waɗanda sau da yawa 'yan Arewa ne ko 'yan Nijar, za su gaya maka abin da dillali ba zai faɗa ba, da Hausa kuwa.

Ka kuma buɗe famfo ka tara ruwa a farin bokiti, ka bar shi ya ɗan jima. A wurare da dama na wannan yankin ruwan burtsatse yana juyewa ja saboda sinadarin ƙarfe, wani yana da wari, wani da ɗanɗanon gishiri. Farar shadda ba ta daɗewa a irinsa. Masu gida suna saka na'urar tacewa ko su sayi ruwan tanka, kuɗin kuma a kan ɗan haya yake ƙarewa. Iskar teku ita ma tana da nata: tsatsa a ƙasan mota, a na'urar sanyaya ɗaki, a janareta. Uwargida ce za ta fara gane danshin wurin. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da ake ajiyewa wata da watanni a Kebbi ba abin da ya same su, a can mako kaɗan sai su yi hunhuna in ba a rufe su a roba mai marfi ba. Takalmin fata a ƙasan gado ya yi fari, kayan da ke cikin akwati su ɗauki wari. Buhun gero ko shinkafa kada ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora shi kan katako.

Ikorodu gaskiya ta fi sauƙin haya, gidajen sun fi fili, yawancinta kuma tudu ce. Akwai motocin BRT masu layinsu daban har cikin tsibiri, akwai jiragen ruwa daga tashar Ebute da ke tsallaka tafkin cikin ƙasa da awa guda. Mu 'yan Kebbi ba sai an yi mana wa'azi a kan jirgin ruwa ba bayan hatsarin jirgin da ya faru a Warra a 2021: ka hau mai rajista, ka sa rigar kariya, kada ka yi tafiyar dare. Abin lura shi ne hanyar mota daga Mile 12 zuwa Ikorodu ta ratsa kwarin kogin Ogun, kuma unguwannin da ke wannan kwarin, irin su Agiliti da Ajegunlen Ikorodu da Isheri, suna shan ambaliya idan aka saki ruwa daga madatsar Oyan wajen ƙarshen damina. In za ka zauna Ikorodu, ka nemi gida kusa da tashar jirgin ko ta BRT. Wanda ya lula can cikin Ijede ko Imota don araha, sai ya yi wata tafiyar kafin ya fara tafiyar.

Shawarar yayanka tana da tushe. Hausawa sun daɗe a Agege tun zamanin fataucin goro da shanu, suna da sarkinsu, ga masallatai da makarantun allo da Islamiyya, ga Markaz ta Shehu Adamu Al-Ilori, ga mayankar Oko-Oba. Jirgin ƙasa na Red Line da ya fara jigila a 2024 yana tsayawa a Agege ya kai Oyingbo, daga nan ka nemi mota zuwa tsibiri. Amma tsakiyar Agege ba wurin mai gudun hayaniya ba ne, kuma ta yi wa ofishinku nisa. Epe da Badagry kuwa, su ne masu natsuwar gaske, Epe ma garin Musulmi ne da masunta, ɗan Yawuri ko Argungu zai ji kamar gida a kasuwar kifinta. Sai dai ga mai aiki a Victoria Island, a cire su daga lissafi.

Da ni ne, zan fara duba wuraren da ba ka ambata ba: Gbagada da Ogudu, da wasu layukan Yaba da Surulere. Gbagada da Ogudu suna dab da bakin gadar Third Mainland, suna da layuka masu ƙofa da mai gadi inda yaro zai hau kekensa da la'asar, kuma kasuwar Mile 12, inda ake sauke albasar Aliero da tumatir da tattasai daga Arewa, ba ta da nisa. Haya ta fi ta Ikorodu tsada sosai, amma ka haɗa kuɗin mai da na mota na shekara ka gani. Ba za ka ga teku ta taga ba. Su ma na Sangotedo yawancinsu ba sa ganinsa, sai sun shiga mota sun biya kuɗin shiga bakin ruwa. In kun je, ka riƙe hannun yara. Tekun nan yana da igiyar ruwa mai ja ta ƙasa, gwanin iyo a gulbi ma yana iya rasa kansa.

Akwai abin da maza ke mantawa. Rukunin gidaje mai katanga shiru ne don kowa ya rufe ƙofarsa ya tafi aiki. Matar da ta saba da shigowar maƙwabta, da suna da biki da zuwa Islamiyya da rana, za ta wuni ita kaɗai tsakanin bango huɗu, ba mai ce mata sannu da Hausa. Na ga gidajen da wannan kaɗai ya sa aka mayar da iyali Arewa. Kafin ka biya, ka tambaya: ina masallacin da za ka iya takawa da ƙafa, ina Islamiyyar yara, akwai iyalai 'yan Arewa a kusa? Wasu rukunan ba su da masallaci a ciki, kuma an hana acaba a ƙananan hukumomi da dama tun Yunin 2022, ciki har da Eti-Osa inda Ajah take, saboda haka mace marar mota fita tana yi mata wuya. Makarantar yara ta zama cikin unguwa, kada yaro ɗan shekara 6 ya shiga cunkoso da duku-duku. Ka kuma sani tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantun jihar. Ni ban ɗauke shi matsala ba, yaro zai ƙaru da harshe, Hausa kuma a gida ake riƙe ta.

Kuɗin shiga gida ya wuce hayar da aka rubuta. Akwai na dillali, akwai na lauya, akwai na ajiya don abin da ka ɓata, a rukunin gidaje kuma akwai kuɗin hidima na shekara don gadi da shara da ruwa, wani lokaci da man janareta. A rubuta maka kowanne daban. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, ban da Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA, duk da haka za ka haɗu da masu neman biyu. Ka tabbatar dillali yana da rajista da LASRERA, hukumar jihar mai kula da dillalan gidaje, kuɗi kuma ya shiga asusun mai gida bayan lauyanka ya ga takardu. Ka nemi mita mai kati taka kai kaɗai, ka tambayi ko layin na Band A ne, don wutarsa ta fi zama amma kuɗinta ya ninka wajen sau uku a Afrilun 2024. Maganar sayen fili kuwa ka jingine ta tukuna. Rikicin 'yan gadon ƙasa da ake kira omo onile ya kai har jihar ta yi doka a kansa a 2016, baƙo ne kuma ya fi faɗawa hannunsu.

Ka tafi kai kaɗai da farko, ka kama ɗaki na ɗan lokaci. Unguwa biyu ko uku da ka zaɓa, ka gwada hanyar kowacce da safiyar ranar aiki da kuma yamma, ka koma ka gan su washegarin ruwa mai ƙarfi. In hali ya yi, uwargida ta zo ta ga gidan kafin a biya. Yara su ƙarasa zangonsu a Birnin Kebbi, ka karɓo takardun canjin makaranta, ku taho cikin Agusta lokacin da ruwa ke ɗan tsagaitawa a Legas, su shiga sabon aji a Satumba.