Tambayi Likita: An duba matata ta waya, anya kuwa?

TAMBAYA: Salamu alaikum likita. Ni manomi ne a wani ƙauye a Jigawa. Matata na da ciki wata 8, ƙafafunta suka kumbura ga ciwon kai, na kai ta ɗan asibitin garinmu, malamar asibitin ta auna ta sai kawai ta ɗauko waya ta kira wani likita a birni ta bidiyo suka yi ta Turanci, ƙarshe aka ce maza mu wuce babban asibiti. An kwantar da ita, yanzu da sauƙi. Amma abin ya tsaya min a rai, likita zai iya duba mutum bai ko taɓa shi ba? Ko malamar ce ba ta san aiki ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya sauke ta lafiya. Malam, wallahi ka koma ka yi wa malamar nan godiya, sanin aiki ne ya sa ta kira. Kumburi da ciwon kai a tsohon ciki alamar hawan jini ne, wanda in aka yi sake shi ke kaiwa ga jijjiga, kuma jijjiga na ɗauke uwa da ɗa lokaci guda. Awo in ya kai 140/90 an fara damuwa, in ya taɓa 160/110 kuwa babu zama.

Kuma ai an taɓa matarka, hannun malamar ne ya taɓa ta. Ita ta ɗaura mata abin awon jini a damtse, ita za ta tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsari, ta saurari bugun zuciyar jariri, ta ja fatar ido ta kara kyamara likita ya ga ko jini ya yi ƙasa, shi kuma ya haɗa wannan da wancan ya yanke: a riƙe ta nan ko a wuce da ita yanzu-yanzu. Wannan hukuncin fa shi ne babban amfanin abin, don mutanenmu da yawa ba rashin magani ke kashe su ba, jinkiri ne, a kwana ana shawara ana neman kuɗin mota. Tun 2014 Najeriya ke da tsarin da ya yarje wa ma'aikatan lafiya na karkara wasu ayyukan da a da sai likita ko ungozoma, to in ga likita a kan waya yana bin su daki-daki sai hankali ya fi kwanciya.

Sai dai ba a ƙarin jini ta waya, ba a tiyata. Ga matsalar netwok da caji, asibitin da babu sola wayar ma mutuwa take yi, kuma ba mu manta 2021 ba da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. Don haka tun yanzu ka tanadi lambar direba, a wasu jihohin arewa akwai 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW da ke kai masu naƙuda asibiti, ka tambaya a tasharku. Kar kuma a bari ta haihu a gida wannan karon.

TAMBAYA: Likita ina ganin masu tallar "likitan onlayin" a Facebook, a tura kuɗi su rubuto magani. In gwada? Daga wata 'yar'uwa a Katsina.

AMSA: 'Yar'uwa ki yi hattara. Likitan gaske a Najeriya yana da rajista da MDCN, wato hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, ki tambayi cikakken sunansa da asibitin da yake aiki, in ya fara kame-kame ki rabu da shi. Kar ki tura hoton jikinki ga wanda ba ki sani ba, ko me ya ce miki. In kina son ganin likita ta waya ki bi ta asibitin unguwarku, a auna ki tukuna sannan a kira shi kina zaune a wurin.